Abincin Gargajiya: Igiyar Da Ke Riƙe Da Zumunci

A wannan wata za mu yi bayani ne a kan wani abu da kowa ke gani kullum a gidansa, amma ba kowa ne ya tsaya ya yi tunani a kansa ba. Wannan abu kuwa shi ne abincinmu na gargajiya, watau irin su tuwon dawa da miyar kuka, da fura da nono, da hoce, da daddawa.

Kamar yadda kowa ya sani, mutane da yawa daga ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum ba su zaune a garuruwansu na asali yanzu. Waɗansu aiki ko fatauci ya kai su Gusau da Sakkwato da Kano da Legas. Waɗansu kuwa fitinar 'yan bindiga ce ta raba su da ƙauyukansu ba da son ransu ba. 'Ya'yan da aka haifa a can suna tasowa ba su san gonar kakansu ba, ba su san danginsu ba. Har akwai yaron da za a ba shi hoce ya tambaya ko mene ne wannan.

To, ina dabarar da za a yi don kada zumunci ya yanke? Dabaru suna da yawa, amma ɗaya daga cikin mafi sauƙi tana nan cikin tukunyar miya. Bari mu fara da misalin waɗansu mutane na nesa da suka riƙe wannan dabara da kyau.

Darasi Daga Ƙasar Sin

Ƙasar Sin tana gabashin duniya, kuma mutanenta sun haura biliyan 1 da miliyan 400. Babban bikinsu shi ne na shiga sabuwar shekara bisa lissafinsu na gargajiya, wanda yakan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. In lokacin ya gabato, miliyoyin ma'aikata sukan bar birane su koma garuruwan iyayensu. Abin da ke kai su shi ne cin abincin dare tare da iyali a jajibirin bikin.

A arewacin ƙasar akwai wani abinci da suke kira jiaozi. Akan murza kwaɓin alkama ya yi fale-fale, a zuba masa niƙaƙƙen nama da ganye, a naɗe, a dafa. Ba mutum ɗaya ke yin aikin ba. Kaka da uwa da 'ya'ya da jikoki duk sukan zauna wuri ɗaya suna naɗewa suna hira. A nan ne yaro ke jin labarin kakanninsa da garin da suka fito. Sukan kuma dafa kifi, domin a harshensu sunan kifi ya yi kama da kalmar da ke nufin rara, watau suna fatan shekara ta zo da yalwa. A ranar 15 ga watansu na takwas kuma sukan yi wata waina mai zaƙi, kewayayya kamar wata ɗan daren sha huɗu, wadda ke nuna iyali sun cika babu wanda ya rage. Su ma Musulmin ƙasar Sin suna da nasu girke-girke na halal, kamar taliyar da ake ja da hannu a ci da romon naman sa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan biki na sabuwar shekara cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana.

Tun tsakiyar ƙarni na 19 Sinawa suka fara ƙaura zuwa Amurka don haƙar zinariya da aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. A yau akwai jikokinsu da yawa da ba su jin harshen kakanninsu, amma sun san ɗanɗanon girkin gida. Da yawa daga cikinsu ta hanyar koyon girki wajen tsofaffi suke komawa ga neman asalinsu. Harshe yakan ɓace wa mutum a baƙunta, tufafi ma su sake, amma abinci yakan daɗe bai bar gida ba.

Mai karatu zai yi mamaki in aka ce masa ya sha cin abincin Sinawa a kasuwar garinsu. Awarar nan da 'yan mata ke soyawa a bakin hanya ita ce. Waken suya daga can ƙasar Sin ya samo asali, kuma sun fi shekara 1,000 suna daskarar da madararsa suna ci. A Nijeriya kuwa sai daga shekarun 1980 ta soma yaɗuwa sosai, lokacin da masu binciken aikin gona, ciki har da cibiyar IITA ta Ibadan, suka shiga koya wa mata sarrafa waken suya. Mu kuma muka ƙara mata yaji da albasa ta zama tamu.

Hausawan Zango

Ba sai mun tsaya ga Sinawa kaɗai ba. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun kafa zango-zango a ƙasar Gana, kamar a Kumasi da Ankara. Sun tafi da addininsu da harshensu, sun kuma tafi da tukunyarsu. Har yau a Gana akwai abincin da ake kira tuo zaafi, watau tuwon zafi. Akwai waakye, watau shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi. Akwai koose, wanda shi ne ƙosai, akwai kuma kokon da kowa ke kira kokon Hausa. A Sudan, inda alhazan ƙafa suka yada zango a kan hanyar Makka, ana sayar da gasasshen nama mai yaji da ake kira agashe. A kudancin Nijeriya kuma babu birnin da ba a san suya ba.

Wannan ya nuna mana cewa abinci shaidar asali ne. Duk inda Bahaushe ya je ya kafa murhu, an san daga inda ya fito.

Abincin Ƙasar Zamfara

Zamfara tsohuwar ƙasa ce. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarakunan ƙasar sun zauna wurare dabam-dabam, daga bisani suka tabbata a Anka, inda Sarkin Zamfara yake har yau. A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato. A duk tsawon wannan tarihi, noma ne abin tinƙahon mutanen ƙasar. A tudu ana noma gero da dawa da maiwa da wake da gyaɗa. A fadamun Gulbin Zamfara, musamman wajen Gummi, ana samun shinkafa da kayan lambu da kifi.

Hatta sunayen kayan miya suna nuna inda mutum ya fito. Abin da Bakano ke kira yakuwa, mu sure muke ce masa. Kuɓewa ita ce guro, barkono shi ne tonka, gyaɗa kuwa gujiya. Yaron da ya ji uwarsa tana faɗin waɗannan sunaye a bakin murhu, yana koyon harshen gida ne ba tare da an zaunar da shi ba.

Bari mu ɗauki abinci uku mu yi bayaninsu.

Na farko shi ne hoce. Da garin dawa ake yin sa, a kwaɓa, a gasa. Akan marmasa shi a haɗa da ƙuli-ƙuli da mai da tonka da albasa, a yi datu, wanda waɗansu ke kira kwaɗo. Yana riƙe ciki ƙwarai, kuma ba ya saurin lalacewa. Shi ya sa manoma da matafiya suka daɗe suna yin guzuri da shi. An san Zamfarawa da hoce ƙwarai, har abokan wasa sukan tsokane su da shi.

Na biyu ita ce fura. Akan surfe gero, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da masoro da tonka. Sai a dunƙula a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ya nuna a kwashe a kirɓa a turmi, a mulmula, a baɗe da gari. Amma fura ba ta cika sai da nono. Gero na manomi ne, nono kuwa na makiyayi. Tun kaka da kakanni, matar Bahaushe ke ba da hatsi, Bafillatana ta ba da nono da man shanu. Makiyayi ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi, su ci kara, su bar taki. Saboda haka kowace ƙwaryar fura tana tuna mana cewa waɗannan mutane biyu sun daɗe suna cin arzikin juna. A wannan zamani da zaman lafiya ya yi ƙaranci, ya kamata yara su san wannan tarihi.

Na uku ita ce daddawa. In ɗorawa ta nuna da bazara, akan cire garinta mai zaƙi, a tara 'ya'yan, watau kalwa. Akan dafa kalwa ta daɗe a wuta har ta yi laushi, a sussuka ta a turmi don ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa. Daga nan sai a zuba a mazubi a rufe da ganye, a bar ta kwana biyu ko uku ta ruɓa. Sa'an nan a kirɓa, a fasalta, a shanya. Akwai kuma daddawar batso da ake yi da 'ya'yan sure. Aiki ne mai wuya da ke bukatar sani, kuma galibi tsofaffin mata ne suka riƙe shi. Su ma Sinawa suna da irin tasu daddawar ta waken suya, kuma ba su yar da ita ba duk da ci gaban da suka samu.

Kowane Sha'ani Da Abincinsa

In muka duba da kyau, za mu ga babu wani sha'ani na iyali da ba shi da abincinsa. In mace ta haihu, akan dama mata kunun kanwa, a dafa mata ƙauri. Ranar suna a yanka rago a raba wa dangi da maƙwabta. In an yi aure, iyayen amarya su kai gara, da nakiya da alkaki da sauran kayan abinci. In an yi rasuwa, maƙwabta ne ke kawo abinci gidan makoki, a kuma yi sadakar gumba ko masa. Da azumi ga kunu da ƙosai, da Sallah ga tuwon Sallah ana ta aikawa gida-gida. A daren cika-ciki na watan Muharram kuma akan yi tuwo mai yawa kowa ya ci ya ƙoshi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, sau da yawa ƙafar da ke yin wannan zumunta ta yaro ce da aka aika da kwanon tuwo. Uwa ta ce, “Kai wa Gwaggo wannan, ka ce ina gaishe ta.” Ta haka yaro ke sanin wace ce gwaggonsa, wane ne kawunsa, ina ne gidan kakarsa. Kwanon kuma ba ya dawowa wayam. In aka daina wannan aike, yara za su girma ba su san ƙofar gidan danginsu ba.

Haka nan cin abinci a akushi ɗaya makaranta ce. A nan yaro ke koyon wanke hannu, da yin bisimilla, da cin gabansa, da barin nama sai babba ya raba. A nan kuma kaka ke wasa da jikanta, tana ce masa, “Maigida, yau ma ba ka kawo cefane ba ka fi kowa loma,” kowa ya yi dariya.

Abubuwan Da Ke Barazana

Abu na farko shi ne rashin zaman lafiya. Wanda aka kora daga ƙauyensa ya bar rumbunsa, ya bar turminsa, ya bar itacen kuka da ɗorawar da ke gonarsa. Garin Anka kansa ya karɓi 'yan gudun hijira masu yawa daga ƙauyukan kewaye. Mai gudun hijira abin da ya samu yake ci. Satar shanu kuma ta sa nono ya yi wuya a kasuwanni da dama.

Na biyu shi ne raini. Waɗansu matasa suna ganin tuwon dawa da miyar kuka abincin ƙauye ne, taliyar leda da lemon kwalba su ne wayewa. Wannan kuskure ne. Masana abinci sun tabbatar gero yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Daddawa da wake da gyaɗa suna gina jiki. Ganyen kuka da zogale da rama suna ƙara lafiya. Saboda muhimmancin irin waɗannan hatsi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa a duniya baki ɗaya. Ga shi kuma gero yana jure ƙarancin ruwa fiye da masara da shinkafa.

Na uku shi ne sare itatuwa. Ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya duk abinci ne. Wanda ya sare ɗorawa ya yi gawayi, kuɗin kwana kaɗan ya samu, amma ya hana gidansa daddawar shekaru masu yawa.

Na huɗu shi ne wahalar aikin. Surfe da daka da kirɓi suna cin lokaci da ƙarfi, kuma mata ne ke ɗauke da su. Ba laifi ba ne a kai niƙa inji don a rage musu wahala. Sai dai a nan akwai gargaɗi babba. A shekarar 2010 an gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dalilin shi ne ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa, wani lokaci da irin turmi da injin da ake aikin hatsi da su. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga abinci, ta shiga cikin yara. Sai da likitocin ƙungiyar Na-gari Na-kowa da sauran hukumomi suka yi aikin magani da kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Don haka turmin hatsi na hatsi ne kaɗai. Kada a kuskura a kawo dutsen ma'adini inda ake girki ko inda yara ke wasa. Rigakafi ya fi magani.

Abin Da Ya Kamata Mu Yi

Da farko, a koya wa yara tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinya ta zauna kusa da uwarta ko kakarta ta ga yadda ake talge da tuƙi da kaɗa miya. Yaro namiji ma ya san yadda ake dama fura da kunu, domin wata rana zai yi tafiya inda babu mai yi masa.

Na biyu, wanda ya iya karatu da rubutu ya samu littafi guda ya keɓe. Ya je wurin tsohuwar gidansu ya ce, “Inna, ki faɗa mini yadda kike yin daddawa in rubuta.” A rubuta komai dalla-dalla: tiya nawa ta kalwa, tsawon lokacin dahuwa, irin ganyen da ake rufewa da shi, da alamar da ke nuna ta yi. A rubuta sunan wadda ta koyar, da wadda ta koya mata, da garin da suka fito. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Mai wayar hannu kuma yana iya ɗaukar muryarta. Duk tsohuwar da ta rasu ba a ɗauki saninta ba, an yi asarar da ba ta mayuwa.

Na uku, waɗanda ke zaune a birni su keɓe ko da rana ɗaya a mako, kamar Juma'a, a yi abincin gida. In an zauna ci, uba ya ba da labarin garinsu da unguwarsu da sana'ar gidansu. In wani zai zo daga gida, a roƙe shi ya riƙo kuka da daddawa da busasshen guro. Kuɗin da aka aika don sayen waɗannan kaya taimako ne ga matan ƙauye da ke sana'ar.

Na huɗu, a tuna da 'yan gudun hijira. In kana da maƙwabci da aka koro daga ƙauyensu, ka aika masa da kwanon tuwo kamar yadda za ka aika wa ɗan'uwanka. A ara wa matarsa turmi da tukunya. Da yawa daga cikin matan nan gwanaye ne wajen yin daddawa da ƙuli-ƙuli da hoce. In an saya a hannunsu, sun samu abin rufin asiri, sana'ar kuma ba ta mutu ba.

Na biyar, kowane manomi ya bar itatuwan abinci a gonarsa, ya kuma dasa sababbi. A dasa zogale a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke bi. A adana irin gero da dawa da maiwa na gida, a rarraba shi wurin dangi a garuruwa dabam-dabam, don in wani ya rasa nasa ya samu wurin wani.

Babu wanda ya ce a daina cin baƙon abinci. Mun karɓi awara daga Sin, mun karɓi burodi da taliya, kuma babu laifi. Abin da muke cewa shi ne kada baƙo ya kori ɗan gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Muna roƙon Allah ya kawo mana zaman lafiya a Anka da Gummi da Bukkuyum da sauran ƙasa baki ɗaya, ya mai da kowa gidansa da gonarsa, ya ba mu damina mai albarka. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.